Wardin da Aka Sace daga Cikin Ƙanƙara

Wari ne ya fara tona asirin. Da Mai Fure ta buɗe shagonta da hantsi, bayan ta kwana biyu a asibiti wajen ƙanwarta da ta haihu, sai wani bashi ya tare ta tun daga bakin ƙofa, irin na ganyen da aka manta a leda. Ta yar da jaka ta yi ɗakin baya a guje. Ƙofar injin a sake take, ruwa ya malale a daɓe, furannin da ke jere a kan farantai kuwa duk sun langaɓe sun yi baƙi, kamar an tsoma su a tukunyar shayi.

Ihun da ta ƙwalla, har telolin ƙarshen layi sai da suka bar kekunansu.

Ga wanda bai san shagon ba, sana'ar matar nan ita ce hana fure mutuwa. Tana da wani inji mai kamar tanki a kwance, da ƙofar gilashi mai kauri. In an kawo mata furen amarya, ko wanda aka kai wa majinyaci, ko na ranar da ɗan wani ya gama makaranta, sai ta jera a faranti ta tura ciki. Injin ya daskarar da furen har ya yi tauri kamar kwalba, sannan ya zuƙe duk iskar da ke ciki. Daga nan ruwan jikin furen zai riƙa sulalewa a hankali daga ƙanƙararsa, ba tare da ya narke ba. Bayan makonni sai fure ya fito a bushe ƙayau, amma da launinsa da buɗewarsa kamar yanzu aka tsinko. Sharaɗin ɗaya ne, ba a buɗe ƙofa kafin lokaci. In aka buɗe, ƙanƙara ta narke, to sai dai bola.

Kafin a ce kwabo shago ya cika. Masu jaje sun zo, masu ganin ƙwaf sun fi su yawa.

Sai ga Baba Mai Sawu ya ratso taron da sandarsa. Dattijo ne siriri, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun dabbobin da aka sace, har tsufa ya dawo da shi cikin gari. Mutum ne da in ya kalli ƙasa zai gaya maka wanda ya wuce da abin da ya ɗauko. Ya wuce kai tsaye wajen faranti na ƙasa, inda nasa furen yake.

Jan wardi ne na matarsa, marigayiya. Tun tana amarya ta zo da reshensa daga gidansu, ta dasa a tsakar gidan hayar da suka zauna. A makon da za ta rasu ya yi fure na ƙarshe. Ta sa aka fito da ita a kujera, ta zaɓi wanda ya fi kyau ta ɗaura masa shuɗin zare a kara, ta ce wannan kar a taɓa mata. Bayan an yi sadakar bakwai mai gidan haya ya turo magina suka tumɓuke bishiyar suka malale tsakar gidan da siminti. Abin da Baba ya tsira da shi, furannin nan ne da ya yanko, da wani ɗan ƙirare da ya soke a gwangwani a bayan ɗakinsa. Bai gaya wa kowa zancen gwangwanin ba, don shi kansa bai san ko zai rayu ba. Furannin kuwa ya kawo wa Mai Fure, ya ce ta datse karan sauran yadda ta saba, amma mai zaren nan a bar masa karansa dogo.

Yanzu ga su nan sun zama kamar tsumma.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo, idonsa jawur, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku zama shaida," in ji shi. "Wanda ya yi wannan aiki, ko a ramin ɓera ya shiga sai na zaƙulo shi. Kuma ba ni da buƙatar 'yan sanda. Farantin nan zai ɗauka a ka, da warinsa da komai, ya taka daga nan har bolar ƙarshen layi, da rana tsaka, kowa na kallo."

"Wane nema kuma, alhali ga ɓarawo a tsallaken titi?"

Yaya ce ta faɗa, daga kan bencin da take zama kullum. Ita ce yayar marigayiya, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba ranar banza da ba ta zuwa shagon nan taya Mai Fure hira, wato sauke mata labarin gidajen mutane. Tun ranar jana'iza ba ta ga maciji da Baba. Ta roƙe shi reshe ɗaya na wardin, ta ce na uwarsu ne. Shi kuwa yana cike da ita, don a gaban masu gaisuwa ta ce rowarsa ce ta hana a kai ƙanwarta asibiti da wuri. Sai ya ce mata ko ƙayar bishiyar ba za ta samu ba.

"Mai Roba ne," ta ci gaba, tana nuni da haɓa, hannunta na dama a naɗe cikin gefen mayafi. "Tun da aka buɗe shagon nan wa ya ƙara sayen furen robarsa? Ni da kunnena na ji ya ce sai ya ga bayan injin nan."

Taron ya ɗauka. Wasu suka ce Mai Roba, wasu suka ce a'a, Fiyus ne mai gyaran wuta, wanda Mai Fure ta kora kwanan baya. Baba ya ce kowa ya fita, kuma a bi ta gefen bango, kar a tattake masa daɓe.

*

Daɓen tayil ne, ba ya riƙe sawu. Amma Baba ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara, ya kwantar da kumatu kusa da ƙasa, ya kalli daɓen ta inda hasken taga ke kwanciya.

"'Yata, makullin ƙofar baya fa?"

Mai Fure ta share hawaye. "A ƙarƙashin tukunyar shuka nake ajiyewa, Baba."

"Wa ya sani?"

"Ni kaɗai."

"Ke kaɗai da duk layin nan. Ni ma na sani."

Kiyashi ne suka ja idonsa. Sun yi layi daga gindin injin zuwa ƙofar baya, suna tsayawa a kan wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da suka manne a tayil. Ya kankaro ɗaya da farce ya shinshina, ya ji ruwan fure ne da ya narke.

"Fure in yana daskare, aka ɗauke shi da hannu, me yake yi?"

"Farfashewa yake kamar ƙwan fitila. Ko numfashi mai ƙarfi ba na yi a kansa."

Ya miƙe ya koma kan farantinsa. Kowane fure da ya narke ya bar tabonsa a ƙarfen, baƙi, zagaye. Amma a gefe ɗaya akwai wuri fes, dogo, ba tabo ko kaɗan. Ya tona tsumman furannin da ɗan yatsa, ya sake tonawa. Babu dogon kara, babu shuɗin zare. A bakin farantin kuma, inda ake kamawa a jawo, wani ɗan farin abu ya manne kamar ɓawon albasa. Ya ɗauke shi da tsinke ya nannaɗe a takarda.

Ya bi ɗigon nan ta ƙofar baya, ta lungu, har bakin famfon unguwa. A nan ruwa da ƙafafun masu ɗiba suka shafe komai. Ya tsaya yana cizon leɓe. Da a daji ne, da yanzu ya san ko gurgu ne ko mai ciki. Gari kuwa, kowa ƙafarsa cikin silifa iri ɗaya.

*

Ya sami Fiyus a rumfarsa, ya kwance cikin wata fanka.

"Baba, na san abin da ya kawo ka. An ce ni ne, ko?"

"An ce ka yi rantsuwa ranar da ta kore ka."

"Na yi. Na ce sai injinta ya tsaya ta zo tana roƙona. Matar ta ce wai ina shan sigari kusa da furen mutane, a gaban kwastoma fa! Amma ka ji, Baba, in ni zan yi, me zai kai ni buɗe ƙofa? Waya ɗaya zan zare a bayan gini, ta shekara tana nema."

"Ƙofar tana da wuyar buɗewa?"

Fiyus ya yi dariya. "In injin na aiki, ko bijimi ka ɗaura mata ba za ta buɗu ba. Iskar waje ce ke danne ta. Sai an murɗa wani jan hannu a ƙasa ta gefe, iska ta shiga tana huci kamar kumurci, sannan ta saki. In an mayar kuma sai an sake tayar da famfon zuƙe iska, in ba haka ba ƙofar ba za ta kama ba."

"Wa ya san jan hannun?"

"Ni, da ita, da duk wanda ya zauna ya ga tana yi."

"Miƙo hannuwanka."

Fiyus ya miƙa. Baƙin mai, tsohon tabon wuta, farce a karye. Baba ya juya su ciki da baya ya sake.

"Farantin in yana ciki, aka kama shi da hannu tsirara fa?"

"Wayyo! Ai sanyin nan cizo yake. In da gumi a yatsanka mannewa zai yi, ka ja ka bar fata a wurin. Ita ma da safar hannu take kamawa."

*

Mai Roba kuwa tun daga nesa ya fara rantse-rantse. Gajere ne mai tumbi, zaune a tsakiyar furanninsa masu ƙyalli da ƙura ta yi wa hoda.

"Wallahi tallahi, Baba, ƙafata ba ta taɓa taka shagon matar nan ba. Ni da nake atishawa in na ji ƙanshin furen gaske? Tambayi kowa."

"An ce ka ce sai ka ga bayan injin."

"Na faɗa! Yau ma in an tambaye ni zan faɗa. Mutum ya kawo matacce a daskarar masa, alhali ga nawa nan, ba ya mutuwa, ba ya son ruwa, in ya yi datti a wanke da sabulu. Ai ni da na ji ihun nan, Allah na tuba, sai da na ƙara sukari a shayina. Amma jin daɗi daban, aikatawa daban."

"Jan hannun injin, dama ake murɗa shi ko hagu?"

Mai Roba ya yi sororo. "Inji yana da hannu?"

Baba ya duba yatsunsa. Sumul, kamar na jariri. Ya juya zai tafi, sai Mai Roba ya zaro wani jan fure na roba ya miƙo.

"Karɓi wannan, Baba, kyauta. Wallahi ya fi na marigayiya ja."

Kallon da Baba ya yi masa, sai da ya mayar da furen bayansa ya ɓoye kamar yaron da aka kama da nama.

*

Da azahar ya dawo lungun bayan shago, ransa a jagule. Mutum biyu masu ƙullaci, kuma duka biyun hannunsu lafiya. Ya zauna a dokin ƙofa kusa da tukunyar shukar da ake ɓoye makulli, yana juya abin a ransa. Mai son ɓarna ya buɗe ƙofa ya tafi, ya gama. Me zai sa ya jawo faranti na ƙasa, ya tsallake furen amare masu tsada, ya ɗauki guda ɗaya tak?

Idonsa ya faɗa cikin tukunyar. Ƙasar ciki baƙa ce, irin ta saye, mai wasu fararen ƙwayoyi marasa nauyi. A gefe ɗaya an kwashe ta, rami har ana ganin saiwa. Ya leƙa da kyau. Shatin yatsu ne, an kwasa an sake kwasa, kuma da hagu aka yi, don babban yatsan ta wancan gefen ya bi.

"'Yata!" ya kira. "Ke kika ɗebi ƙasa a nan?"

Mai Fure ta leƙo. "Ni? Ƙasar da nake saye da awo? A'a."

Baba ya sake duban ramin. Sannu a hankali wani murmushi ya fito masa, irin wanda ba ya kaiwa ido. Mai ɓarna ba ya tafiya da ƙasa. Wanda ya ɗauki fure mai dogon kara, ya haɗa da ƙasa mai kyau, shuka zai je ya yi. A duk faɗin garin nan kuwa mutum ɗaya ya sani da ke son bishiyar nan har haka.

"Yaya tana ciki?"

"Tana nan tun safe, tana ba ni baki. Baiwar Allah, ko abinci ba ta je ta ci ba."

"Riƙe ta da hira. In an yi la'asar ki aika a kira Fiyus da Mai Roba."

Ya kaɗe rigarsa ya bi lungu zuwa gidan Yaya. Mijin Yaya tsoho ne da kunnensa ya yi nauyi, kullum yana gyangyaɗi a ƙofar gida. Baba ya gaishe shi da ƙarfi, ya ce ruwa zai sha, ya shige.

*

La'asar sakaliya shago ya sake cika, har da waɗanda ba a gayyata ba, waɗanda dama su ne ba sa makara. Fiyus ya jingina da bango yana taunar tsinke. Mai Roba ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci. Yaya na kan bencinta.

Baba ya shigo da wani abu a ƙarƙashin riga. Ya sa aka ɗora farantinsa a kan tebur.

"Fiyus ya san injin, amma hannunsa lafiya," in ji shi. "Mai Roba yana da mugun baki, amma ko hannun injin bai sani ba. Ku biyu ku yafe ni."

"Ni dai a rubuta a manna a titi," in ji Mai Roba ta cikin hankici.

"To wa ya rage?" Yaya ta ce. "Aljani?"

"Wanda ya rage, mai zama ne a ɗakin nan kullum, yana ganin ana murɗa jan hannu. Ya jawo faranti da dama, sanyi ya cije shi." Ya warware takarda ya nuna ɗan farin abin nan. "Ga fatarsa ya bar mana. Shi ya sa da zai ɗebi ƙasa a tukunya, da hagu ya ɗiba." Ya juya a hankali. "Yaya, tun safe ban ga hannunki na dama ba. Lafiya?"

"Mai ne ya fallatso min ina suya. Ko shi ma sai na nemi izininka?"

"Mai in ya fallatsa, ɗigo-ɗigo yake yi a bayan hannu. A gani mana."

"Kai, Mai Sawu, ka kiyaye ni! Na girme wa matarka. Ni za ka tsare a gaban yara?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai Fure ce da kanta ta matso, ta ce, "Inna, don Allah buɗe." Ta janye mayafin. Yatsu huɗu, a cikinsu, fata ta saluɓe a miƙe kamar an ja layi da ruwan zafi.

Baba ya fito da abin da ke ƙarƙashin rigarsa ya dire a kan tebur. Gwangwanin madara ne cike da baƙar ƙasa mai fararen ƙwayoyi, jiƙe sharkaf. A tsakiya an soke wani kara da ya yi baƙi ya lanƙwashe, kansa ba ko ɓalli ɗaya na fure. Shuɗin zare na nan ɗaure a wuyansa.

"A bayan randarki, an kifa masa kwando," in ji Baba.

Wata daga cikin matan ta ce, "Innalillahi!" Wata kuma ta ce, "Ai dama ni na ga take-takenta," alhali da safe ita ta fi kowa zagin Mai Roba.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta.

"E, ni ce. Sai me? Bishiyar uwata ce. Ni na riƙa ɗebo mata ruwa tun ƙanwata na goye. Na roƙe ka reshe ɗaya, ɗaya tak, ka ce ko ƙaya. Ka tsaya kana kallo aka tumɓuke ta aka zuba siminti. Sai na ji kullum ana cewa injin nan yana ajiye fure kamar mai rai. Na ce to, tunda da ransa, bari in ɗauki nawa in dasa."

"Inna!" Mai Fure ta dafe kai. "Kamar mai rai na ce, ban ce mai rai ba! Abin da ya daskare haka ya mutu tun daren farko. Ko shekara kika yi kina zuba masa ruwa ba zai tsiro ba."

A nan ne fuskar Yaya ta motsa. Ta kalli gwangwanin, ta kalli karan.

"Kullum sau biyu nake ba shi ruwa," ta ce a hankali.

"Ƙofar fa?" Baba ya tambaya, muryarsa ba tausayi. "Kin ga ba ta kama ba. Asibitin ba nisa. Da kin aika an gaya mata, da an ceci sauran."

Yaya ta ɗago, idonta ya dawo da wutarsa. "Na tura ta ƙi. Na sake turawa ta ƙi. Har na ɗauki mayafi zan tafi asibitin. Sai na kalli farantinka, na tuna ko ƙaya. Na ce to, kowa ya rasa."

Mai Fure ta ce, "Furen amaren mutane fa, Inna? Me zan gaya musu? Ni me na yi miki, ban da shayin da nake dafa miki kullum?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

Mutane suka fara ba Baba baki. A bar maganar faranti, babba ce, surukarka ce, a rufa asiri. Har Mai Roba, da aka ɓata wa suna, ya ce shi ya yafe. Baba ya saurare su duka. Ya sa hannu ya kwance shuɗin zaren daga mataccen karan, ya naɗe shi a yatsa ya sa a aljihun ƙirji. Sannan ya tura farantin gabanta.

"Na yi rantsuwa a gaban shaidu."

Ta kalle shi, ya kalle ta. Ta ɗauki farantin da hannun hagu da gefen na dama, ta ɗora a ka ba ko gammo.

"Matsa min a hanya," ta ce.

Ta taka titin nan kanta a miƙe kamar mai kai kayan biki, baƙin ruwa na ɗiga mata a kafaɗa, teloli da masu shago duk sun fito. Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, don ba wanda bai san tana riƙe da labarinsa ba. Baba na biye da ita da sandarsa har bola. Da ta juye farantin ta juyo, sai ya matso kusa, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji, sai kuma waɗanda suka kasa kunne, wato kowa.

"Akwai reshe a gwangwani a bayan ɗakina, na yanka kafin magina su zo. Shekaranjiya ya fito da toho." Ya ɗan dakata. "A ƙofar gida zan dasa shi, kan hanyarki ta kasuwa. Ki gani da ido."

Yaya ta saɓi farantin ta juya.

*

Ya kuwa cika alkawari. Ya sayi babbar tukunya ya ajiye a ƙofar gida, ya kewaye da waya, ya ɗaura shuɗin zaren a gindin. Wardin ya kama, ya yi reshe, da shekara ta zagayo ya yi fure ja kamar garwashi. Furen farko Baba ya kai wa Mai Fure, wadda yanzu ta sa kwaɗo a jan hannun injin, makullin kuma a wuyanta. Ya fito daga ƙanƙara kamar yanzu aka tsinko, yana nan cikin gilashi a kan gadonsa.

Kullum da safe yana zaune kusa da tukunyar da sanda a cinya. Yaya ta zo wucewa, ta kau da kai, ta ja tsaki. Shi kuma ya ce, "Yaya, an tashi lafiya? Kin ji ƙanshi?"

Sai dai kwanan baya matan layin sun lura an yanke reshe ɗaya daga ƙasa, yankan wuƙa mai kaifi, a karkace, irin na wanda ya san dashe. Ƙasar wurin kuwa a jiƙe take, sawun silifa ɓaro-ɓaro har da inda diddige ya cinye. Aka ce, "Baba, an yi maka sata, ga sawu nan ko makaho ya bi."

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa ƙafa ya shafe.

"Akuya ce," in ji shi.